Kwalejin Katsina da Lakwal Ponti: Su Wa Suka Fito, Me Suka Bar Mana?

A makon nan za mu ɗan yi waiwaye, wanda Hausawa suka ce adon tafiya ne, mu dubi wasu makarantu biyu na zamanin Turawa da mutanen da suka fito daga cikinsu, domin mu auna abin da ya kamace mu game da ƴaƴanmu.

Duk wanda yake zaune a Gaya, da ƙasa uku yake kwana yake tashi. In ya fuskanci kudu, ga kogin Isa, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya suke kira Kwara, ga kuma Malanbil ta ƙasar Benin a ƙetarensa. In ya fuskanci gabas, ga Kamba ta jihar Kabi. In ya juya arewa, ga hanyar Doso da Yamai. To, a shekarar 1960, lokacin da ƙasashen nan uku suka karɓi mulkin kansu, wa ke riƙe da ragamarsu? A Nijar, Diori Hamani. A Dahome, wadda ta zama Benin a 1975, Hubert Maga. A Najeriya, Abubakar Tafawa Ɓalewa ne firaminista, Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato kuma shi ne firimiyan jihar Arewa. Mutum huɗun nan duk da alli suka fara neman abinci, wato malaman makaranta ne, kuma makaranta biyu kacal suka yaye su: na Najeriya daga Kwalejin Katsina, na Nijar da Dahome daga lakwal William Ponty ta ƙasar Senigal. Wannan abu ya isa a tsaya a kansa.

Gidan ƙasa a birnin Dikko

Turawan Ingila sun fara buɗe makarantar boko ta gwamnati a Arewa a 1909, a Nasarawa ta Kano, a hannun Hanns Vischer wanda ake yi wa laƙabi da Ɗan Hausa. Da makarantun lardi suka fara yawa, sai aka rasa masu koyarwa a cikinsu. Turawa ba sa son ɗauko malamai daga kudu, domin akasarinsu ƴan makarantun mishan ne, kuma an yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba. Saboda haka aka yanke shawarar kafa makarantar horar da malamai ƴan ƙasa. Aka zaɓi Katsina, garin da aka sani da ilimi tun zamanin hasumiyar Gobarau da su Ɗan Marina da Ɗan Masani, kuma garin Sarki Muhammadu Dikko, wanda bai ƙyamaci sabon abu ba. An fara karatu a 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya zo ya buɗe makarantar a hukumance a watan Maris na 1922.

Ginin na ƙasa ne, irin na gargajiya, yana nan har yau a Katsina cikin kayan tarihi. Karatun shekara biyar ne. Ana koyar da Ingilishi da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa, ana kuma koyar da Larabci da addini. An matsa ƙwarai a kan iya furta Ingilishi daidai, shi ya sa daga baya muryar Ɓalewa ta yi suna har a Landan. Ba jami'a ba ce, amma ita ce ta tsaya a matsayin jami'a ga Arewa duka, tun da kwalejin jami'a ta Ibadan sai a 1948 aka buɗe ta, jami'ar Zariya kuwa sai a 1962. A 1938 aka ɗauke makarantar zuwa Kaduna, a 1949 aka mai da ita Zariya, a 1971 kuma ta ɗauki sunan da ake kiran ta da shi yanzu, Kwalejin Barewa.

Kowane ɗalibi yana da lambarsa ta shiga. Ɓalewa, wanda ya shiga a 1928, shi ne na 145. Ku duba wannan adadi da kyau: shekara bakwai da fara karatu, a yankin da ya taso tun daga Sakkwato har Barno, har Ilori, yaran da suka taka ƙofar makarantar ba su cika ɗari biyu ba.

Ajin da ya riƙe Arewa

Wanda ya leƙa makarantar a wajajen 1929 zuwa 1930, zai tarar da samari suna buga ƙwallo da hannu a jikin bango, suna cin tuwo tare, ba zai san yana kallon gwamnatin gobe ba ne. Ahmadu, ɗan hakimin Raba, jikan gidan Shehu Ɗan Fodiyo, ya shiga a 1926 ya fita a 1931. Ya koyar a makarantar midil ta Sakkwato, ya zama hakimin Raba a 1934, aka naɗa shi Sardauna a 1938, ya zama firimiya a 1954. Abubakar na Bauci, wanda ba ɗan sarauta ba ne, ya fita a 1933, ya koyar a Bauci har ya zama shugaban makaranta, ya yi shekara guda a jami'ar Landan bayan yaƙin duniya na biyu, ya zama firaminista a 1957. Abubakar Imam na Kagara ya shiga a 1927 ya fita a 1932. Kashim Ibrahim na Barno ya ɗan girme su a aji. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya zama gwamnan Arewa, a 1962. Akwai Aliyu Makaman Bida, wanda ya daɗe yana riƙe da ma'aikatar kuɗi, da Isa Kaita Wazirin Katsina, wanda ya riƙe ta ilimi. Akwai kuma Sa'adu Zungur na Bauci, malami, mawaƙi, mai kaifin harshe, wanda ya wuce daga Katsina zuwa babbar kwalejin Yaba ta Legas.

Da makarantar ta koma Kaduna, sai ga wani ayarin. Aminu Kano ya gama a 1942. Shehu Shagari ya gama a 1944, ya koyar a Sakkwato, ya kuma riƙe shugabancin makarantar firamare ta Argungu a farkon shekarun 1950, ga ta nan kusa da mu, kafin ya shiga siyasa har ya zama shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. A zamanin Zariya kuma aka yaye waɗanda suka shiga soja: Zakariya Maimalari, da Yakubu Gowon wanda ya shugabanci Najeriya daga 1966 zuwa 1975, da Murtala Muhammad wanda ya gaje shi. Umaru Musa Ƴar'aduwa, shugaban ƙasa daga 2007 zuwa 2010, shi ma ya zauna a bencin Barewa. In aka haɗa da Ɓalewa, mutum biyar ke nan daga makaranta ɗaya suka riƙe Najeriya.

Ƴan tsibirin Gore

Mu a ɓangaren Faransa, hanyarmu ta fi tsawo. An kafa makarantar horar da malamai ta Afirka ta Yamma a garin Sanluwi na Senigal a 1903, aka mai da ita tsibirin Gore a 1913, aka sa mata sunan Gwamna William Ponty bayan rasuwarsa a 1915, sa'an nan aka ɗauke ta zuwa Sebikotan a 1938. Makaranta ɗaya ce ga yankuna takwas, da jarrabawa ake shiga, kuma yaron Nijar sai ya yi tafiyar makonni kafin ya ga ƙofarta. Daga cikinta ake fitar da mushe, da akawun kumandan, da waɗanda za su wuce makarantar likita ta Dakar.

Bubu Hama, ɗan Foneko ta ƙasar Tera, shi ne ɗan Nijar na farko da ya fito daga cikinta da takardar malanta, a 1929. Shi ya shugabanci majalisar dokoki daga 1958 zuwa 1974. Diori Hamani, ɗan Sudure, an haife shi a 1916. Ya koyar a makarantun ƙasar nan, ya kuma je Paris a 1938 yana taimakawa wajen koya wa ma'aikatan mulkin mallaka Hausa da Zabarmanci. Jibo Bakari, ɗan'uwansa kuma ɗan garinsu, ya biyo bayansa. Ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas, ya zama magajin garin Yamai a 1956. Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya yi Ponti a shekarun 1940, ya wuce Faransa ya ƙware a kimiyyar fizik, ya dawo ya shugabanci ofishin binciken hasken rana, ya riƙe jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982. Ya rasu a 1991, jami'ar kuma ta ɗauki sunansa a 1992.

Daga sauran yankuna akwai Houphouët-Boigny na Kodibuwar, da Modibo Keita na Mali, da Mamadu Dia da Abdullahi Wade na Senigal, da marubuci Bernard Dadié. Akwai kuma Hubert Maga, ɗan Faraku, sa'an haihuwar Diori, wanda suka ƙulla abota tun a Gore. A 1959, da aka kafa ƙungiyar Antant a Abijan, uku daga cikin shugabanni huɗu da suka sa hannu ƴan Ponti ne.

Inda hanya ta rabu: harshe

Manufar Turawan biyu kusan ɗaya ce, wato su sami masu taya su aiki da arha. Amma akwai wani bambanci wanda har yau muke ɗauke da nauyinsa. Ingilishi sun yi mulki ta hannun sarakuna, Hausa kuma ita ce harshen ofishin En'e da na azuzuwan farko. Saboda haka ɗan Kwalejin Katsina, ko da ya iya Ingilishi kamar Bature, da Hausa zai koma ya koyar. A 1933 Rupert East na hukumar talifi ta Zariya ya shirya gasar rubuta littattafan hira. Ku dubi waɗanda suka yi fice: Abubakar Imam da Ruwan Bagaja, Ɓalewa da Shaihu Umar, Malam Bello Kagara, wan Imam kuma malami a kwalejin, da Ganɗoki. Imam ya bi da Magana Jari Ce, littafi uku, a ƙarshen shekarun 1930, sa'an nan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a watan Janairu na 1939. Sa'adu Zungur da waƙa ya yi siyasarsa, Aminu Kano ya rubuta wasannin kwaikwayo, Shagari ya tsara Waƙar Nijeriya domin koya wa yara tarihi da labarin ƙasa. Wato firaminista da shugaban ƙasa duk sun bar rubutu a harshen talakawansu.

A Ponti kuwa, Faransanci ne ƙofa, shi ne ɗaki. A lakwal ta zamanin nan, yaron da ya kuskura ya yi harshen uwarsa, sai a rataya masa alamar kunya a wuya. An sa ɗaliban Ponti su rubuta al'adun garuruwansu, su kuma shirya wasannin kwaikwayo a kansu, amma da Faransanci. Bubu Hama ya rubuta littattafai masu yawa, ya tattara tarihin baka da tsofaffin rubuce-rubucen ajami da na Larabci, ya sami babbar kyautar adabi ta baƙar Afirka a 1971 saboda Kotia-Nima, gidan tarihi na Yamai ma sunansa yake ɗauke da shi. Aikinsa ba ƙarami ba ne. Sai dai manomin Foneko ba ya iya karanta shi. Wannan ne dalilin da ya sa har gobe, in mutumin Gaya ko Dogon Dutsi ko Maraɗi yana son littafin Hausa, daga Zariya ko Kano ake kawo masa.

Ƴan Ponti da kansu sun gane wannan rauni. A 1964 Abdu Mumuni ya buga littafinsa a kan ilimi a Afirka, inda ya nuna cewa ba za a ilmantar da jama'a duka ba sai an koyar da su cikin harsunansu. A 1966 aka yi taron Bamako aka daidaita baƙaƙen rubuta Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai harshe biyu a Damagaram. Amma gwajin ya daɗe yana gwaji.

Kwano ɗaya, hanya biyu

Kada mai karatu ya ɗauka cewa cin tuwo a kwano ɗaya yana hana saɓani. Harshe da haƙori ma sukan saɓa. A Bauci, a farkon shekarun 1940, Ɓalewa da Zungur da Aminu Kano suna zama ɗaya a ƙungiyar tattaunawa, suna sukar yadda ake tafiyar da mulkin En'e. A 1950 Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a gyara wannan mulki. Amma a shekarar nan aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, Aminu Kano ya zama jagoranta yana neman sawaba ga talakawa, su Ɓalewa da Sardauna kuwa suka riƙe NPC tare da sarakuna. Ƴan NEPU sun sha bulala da kurkuku a hannun alƙalai da ƴan doka. Duk da haka jam'iyyar ta rayu, Aminu Kano ya shiga majalisar tarayya a 1959, kuma a zaɓen 1979 shi da Shagari, waɗanda suka zauna a kwaleji ɗaya a Kaduna, suka nemi kujera ɗaya.

Namu saɓanin ya fi zafi. A ƙuri'ar raba gardama ta ranar 28 ga Satumba 1958, Jibo Bakari da Sawaba suka ce a'a ga De Gaulle, Diori da Bubu Hama da RDA suka ce i. Faransa ta sa nauyinta a ma'auni, masu i suka yi rinjaye, aka haramta Sawaba a 1959. Abin da ya biyo baya tsofaffinmu ba su manta ba: gudun hijira, shigowar ƴan Sawaba da makamai a 1964, harbe mutane a bainar jama'a, jefa gurneti a filin idi na Yamai a 1965. Ƴan gari ɗaya, ƴan dangi ɗaya, ƴan makaranta ɗaya.

Mu mutanen Gaya muna da namu misali a bakin ƙofa, wato tsibirin Lete. Tun 1960 aka zubar da jini a kansa tsakanin makiyayan Nijar da manoman Dahome. Muddin Diori da Maga suna kan mulki, abota ta danne wutar, amma ba ta kashe ta ba. Da sojoji suka tuɓe Maga a watan Oktoba na 1963, kafin shekara ta ƙare wutar ta tashi: Nijar ta kori ma'aikata ƴan Dahome, aka toshe hanyar Kwatano, kayanmu suka tsaya. Sai a 1965 aka sasanta, sai kuma a ranar 12 ga Yuli 2005 kotun duniya ta Lahai ta yanke hukunci cewa Lete ta Nijar ce. Abotar shugabanni tana da amfani, amma tana tafiya tare da su. Abin da ke zama shi ne abin da aka rubuta, da kuma zumuncin talakawan da ke gaɓa biyu. Wanda ya ga yadda aka rufe gadar Malanbil da iyakar Kamba a 2023, da yadda mutane suka koma kwale-kwale, ya san wannan darasi bai tsufa ba.

Ƙarshen da yawa daga cikinsu kuma abin tsoron Allah ne. An kashe Sardauna da Ɓalewa da Maimalari a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. An kashe Murtala a 1976. An tuɓe Gowon a 1975, Shagari a ƙarshen 1983. An tuɓe Modibo Keita a 1968, ya mutu a tsare a 1977. An tuɓe Diori a ranar 15 ga Afrilu 1974, matarsa A'isha ta rasa ranta a daren, shi da Bubu Hama suka sha tsarewa, ya rasu a Rabat a 1989. Jibo ya dawo gida a 1974, ba a jima ba shi ma aka tsare shi shekara da shekaru.

Waɗanda aka bari a waje

In muna yabon waɗanda suka shiga, wajibi ne mu tuna da waɗanda ba a buɗe wa ƙofa ba. A Katsina, sarakuna da razdan suke zaɓen yara, akasari daga gidajen sarauta da na malamai, kuma an tsara makarantar ne domin masarautun Musulmi. A Ponti da jarrabawa ake shiga, amma wa zai zauna jarrabawar in babu lakwal a garinsu? A lokacin samun ƴancin kai, yaran Nijar da ke zuwa makarantar boko ba su kai biyar cikin ɗari ba. Mace kuwa, ko ɗaya ba ta shiga waɗannan makarantu biyu a zamaninsu na farko ba. Faransa sai a 1938 ta buɗe wa mata tasu a Rufisk. Alhali a ƙasar nan tamu ta Hausa, shekara ɗari kafin haka, Nana Asma'u ƴar Shehu tana aika jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata.

Saboda haka, in an ce makaranta ɗaya ta fitar da shugabanni biyar, abin yana da fuska biyu. Yabo ne ga makarantar, kuma shaida ce ta ƙarancin makarantu. Inda rijiya ɗaya ce a gari, dole kowane mai tulu a same shi a bakinta. Ƴan tsirarun nan sun ɗauki kayan da ya fi ƙarfin kowane ɗan Adam: jiya kana koyar da yara talatin, yau an ce ka gina ƙasa. Wasu sun yi gaskiya, sun mutu ba su tara ba, kamar yadda kowa yake shaidar Ɓalewa da Aminu Kano. Amma nisan da ke tsakaninsu da jama'ar da ba ta karatu ya sa mulki ya zama na ƴan kaɗan, kuma abin da ƴan kaɗan suka riƙe, ƴan kaɗan masu bindiga suna iya ƙwace shi a dare ɗaya. Sardauna ya fahimci haka, shi ya sa ya dage a kan kafa jami'ar Zariya da yawaita makarantu. Mu kuwa sai a farkon shekarun 1970 muka sami jami'a a Yamai.

Abin da ya rage gare mu

Yau ƙofa ta faɗaɗa. Akwai jami'ar Musulunci a Sayi, akwai jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram, jiharmu ta Doso ma an ba ta tata a 2014. Babu yaron Gaya da zai yi tafiyar makonni kafin ya ga babbar makaranta. To, me ya rage?

Na farko, darajar malami. Mutanen da muka lissafa duk daga aji suka fito, a zamanin da mushe yake cikin manyan gari, ana neman shawararsa, ana ba shi aure da farin ciki. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, da aka shiga ɗaukar malaman kwantaragi domin rage kashe kuɗi, koyarwa ta zama aikin da saurayi yake riƙewa kafin ya sami wani. Katsina shekara biyar take horar da malami ɗaya. Ƙasar da take son irin su Imam da Abdu Mumuni, tilas ta horar da malaminta sosai, ta biya shi a kan lokaci, ta kuma ba shi wurin zama a ƙauyen da ta tura shi.

Na biyu, harshe. Kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Doka ta yi nata, amma doka ba ta rubuta littafi. Abin da ya ɗaga Hausa a Arewacin Najeriya shi ne hukumar talifi, da gasa, da maɗaba'a, da jarida mai fita a kan kari, da malaman da aka ba lokaci su zauna su rubuta. In ba mu yi irin wannan ba, za mu ci gaba da aron littafi, alhali zanen aro ba ya rufe katara. Kuma a gari irin Gaya, inda Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa suke cin kasuwa ɗaya, adalci shi ne a rubuta wa kowane yaro littafin farko da harshen da ya sha a nono. Wanda aka taɓa rataya wa alamar kunya, bai kamata ya rataya wa ɗan'uwansa ba.

Na uku, mu iyaye. Garin iyaka yana da jarrabawarsa. Yaro yana ganin sa'ansa ya bar aji ya kama kabu-kabu, ko dakon jarkar mai, ko lodin kaya a bakin kogi, da yamma ya dawo da kuɗi a aljihu. Uba kuma yana ganin ribar yau. Amma mun gani da idonmu cewa sana'ar iyaka tana hannun wanda yake da makullin iyaka. Ran da ya rufe, kasuwa ta mutu. Abin da ke cikin kai kuwa, babu ɗan duwan da zai tsare shi. Haka nan ƴaƴa mata: ƙofar da Katsina da Gore suka rufe musu ta buɗe, kada mu zama mu ne masu sake rufe ta da tallar rake da auren wuri.

Na huɗu, zumunci. Abin da ya sa ƴan Ponti suka san juna daga Dakar har Zindar shi ne sun kwana ɗaki ɗaya suna samari. Yau ɗalibin Gaya ya fi kusa da Birnin Kabi da Kandi a kan Agadas, amma da wuya ya san abin da ake koya wa sa'ansa a can. Me zai hana shugabannin makarantunmu na gaɓa uku su riƙa shirya gasar muhawara da ta rubutu da ta ƙwallo tsakanin ɗalibai, duk lokacin da hanya ta samu? Zumunta a ƙafa take, kuma waɗannan yara su ne za su zauna a teburin sulhu gobe.

Tsofaffin ɗaliban da suka sami abin hannu su ma da sauran aiki a gabansu. Ƙungiyar tsofaffin ƴan Barewa sananniya ce a Najeriya, tana waiwayar makarantarta. Gaya ta fitar da manyan ma'aikata da ƴan kasuwa da hafsoshi. Kowannensu akwai ajin da ya fara koyon baƙi a cikinsa. Ya je ya duba ko rufin yana nan, ko akwai benci, ko akwai littafi ko guda ɗaya a hannun yara.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya yafe musu kurakuransu, Ya saka musu a kan alherin da suka shuka. Mu kuma Ya ba mu ikon riƙe amanar na baya.